Kayan ba jabu ba ne, kar ka zubar da bizarka a kansu

Wani ƙanenmu ɗan Kaura Namoda da ke digiri na biyu a Ingila ya rubuto min hankali tashe. Ya tara ɗan abin da yake samu ya aika wa ƙanensa a Gusau laftof da katin sauti da kibod na MIDI, wato piyano da ake jonawa da kwamfuta, don yaron ya riƙa kiɗan biki da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Fitar farko wajen wani kamu sauti ya dinga ƙarƙar yana yankewa, kibod kuma a danna shiru. Mai gyara ya ce kayan jabu ne, Kawu ya bugo waya wai an kunyata gida, a aiko kuɗin sababbi kafin bukukuwan bayan Sallah. Shi kuma ɗalibin can Ingila wani ejan ya yi mashi tayin kiɗa a bikin 'yan Najeriya, a biya shi a hannu.

To ƙanena, ejan ɗin nan ka goge lambarsa yau ɗin nan. Ka san bizar ɗalibi awa 20 ta ba ka a sati lokacin karatu, amma abin da ba zai gaya maka ba shi ne ta hana ka zaman kanka a sana'a, ta kuma hana aikin nishaɗantarwa irin kiɗa don kuɗi, ko da awa ɗaya ce. Na ga wanda ya bi irin wanga tayi, masu biki sunka ɗora bidiyo a Instagram da fuskarsa ɓaro-ɓaro, da magana ta tashi ejan ya kashe waya, yaro ya dawo gida ba takardar digiri.

Kayan kuma daga bayaninka lafiyarsu lau, direbobi ne ke kokawa a cikin Windows, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta yi magana da na'urar da aka jona mata. Ka kira ƙanenka ta bidiyo ya buɗe saitin sauti na FL Studio ka gani da idonka, ina da yaƙinin direban sauti mai suna ASIO4ALL zai nuna maka, don shi masu gyara ke ɗora wa kowa. Shi wannan direban gama-gari ne kuma ba ya son kishiya, yana so ya riƙe katin sauti shi kaɗai, to in yaro ya bar YouTube a buɗe a Chrome yana neman waƙar da amarya ta ce a sa mata, sai ka ji ɗif. Ya je shafin kamfanin da ya ƙera katin ya sauko da direban ASIO nasu na asali, ya zaɓe shi, ya rufe duk wani abu mai sauti kafin ya buɗe manhajar. Sai ya duba lambobin saurin ɗaukar sauti, wato sample rate, in Windows na kan 48,000 manhaja na kan 44,100 ya mai da su ɗaya. Ƙarƙar ɗin kuma yawanci bafa ce anka matse, wato ɗan ma'ajin da sauti ke taruwa kafin ya fita, wani ya ce masa 64 ta fi, alhali laftof ba ta iya wannan gudun. Ya sa 256, a kan 48,000 jinkirin bafar bai kai sakan ɗaya cikin ɗari ba, hannu ba zai ji ba, in ta ci gaba ya hau 512.

Kibod ɗin ma kusan labarin kenan. A Windows yawanci manhaja ɗaya ce ke iya riƙe ƙofar MIDI a lokaci guda, in akwai wata ta piyano da ta riga buɗewa, FL Studio zai ga sunan kibod amma ba zai ji shi ba. Ya jona kibod tukun sannan ya buɗe manhaja, ya shiga saitin MIDI ya tabbata ya kunna shi, don ganin suna a jeri bai isa ba. Ya kuma tsaya ga ramin USB guda, ya bar irin abin raba USB ɗin nan mai baki huɗu ta kasuwa da ba ta da wutar kanta. In da tsuwa ko gurnani a lasifika wajen biki, ya zare cajar laftof ya saurara, in ta ɗauke to matsalar wuta ce, ta caja ko ta janareta, ba ruwan direba.

Maganar Kawu kuwa, da girmansa, amma bai yi maka adalci ba. Kai da kake tsayuwa a sito cikin sanyi kana ƙirga kuɗin haya, ka aiko kaya kyauta, ba wanda ya ce sannu sai kiran kunya? Mutanenmu sun ɗauka fam a titi ake tsintarsa. Ka gaishe shi cikin ladabi, ka ce Kawu a ba ni sati ɗaya, kar ka yi gardama kuma kar ka yi alkawarin sisi. Shi ko mai gyaran da ya ce jabu ne, ka tambayi ƙanenka ko bai nemi a sayar masa da su a araha ba, mun san wannan wasan.

Ƙanenka ya jona komai a tsakar gida kwana biyu kafin biki, da janareta da lasifikar da zai fita da su, ya kashe Wi-Fi, ya sa laftof kar ta yi barci, ya yi kiɗa awa guda cur. In bayan duk wannan kibod bai fito a Device Manager ba, wato jerin na'urori na Windows, ko da an canja wayar USB, sai ka sake rubuto min da hoton allon mu duba.