Tambaya da Amsa: Shekaruna 48, Teɓa Ta Yi Mini Yawa, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, shekaruna 48. Da ƙuruciya na buga ƙwallo sosai, amma rabona da fili ya fi shekara goma sha biyar. Yanzu nauyina kilo 98, tsayina mita 1.72, ko bene na hau sai na tsaya haki. Watan jiya na bi samari ƙwallon yamma, kwana biyu kawai na yi gwiwata ta kumbura. Wani ya ba ni shayin rage ƙiba, shi kuma ban da gudawa ba abin da yake sa ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Shayin nan ka ajiye shi daga yau. Yawancin irinsa ganyen filasko ne ko wani abu mai sa fitsari, wato ruwan jikinka yake kwashewa, kitsen yana nan inda ka bar shi. Sikeli zai nuna ka ragu kilo ɗaya ko biyu, ka sha ruwa su dawo, kai kuma ka yi asarar gishirin jiki da zuciya ke buƙata. An kuma sha samun wasu kayan rage ƙiba da aka cakuɗa da sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Kafin ka sake ɗaura takalmi, ka je asibiti a yi maka awo uku: hawan jini, sukarin jini da safe kafin ka ci komai, da gwiwar nan. In awon jini ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne. In ya kai 180/110, ba maganar atisaye sai an fara sauko da shi. Sukari kuwa, daga 7.0 (ko 126 a ɗaya ma'aunin) ciwon sukari ne, kuma mutum na iya yin shekaru da shi bai sani ba. Gwiwa da ta kumbura bayan murɗewa, musamman in tana maƙalewa ko tana sulluɓe maka kamar za ka faɗi, tana bukatar hannun likita, domin ƙila guringuntsi ko jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ta yage. Kada ka rufe ciwon da haɗin ƙwayoyin kemis. Sau da yawa akwai diclofenac a ciki, mai ɗaga hawan jini da taɓa ƙoda da ciki, wani lokaci har da prednisolone ko dexamethasone, waɗanda su kansu ƙiba suke sawa.

Ga lissafinka. A raba nauyi da tsayi sau tsayi: 98 a raba da 2.96, an samu kusan 33. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce ta asibiti. Amma abin da ya fi wannan amfani tef ɗin tela ne. Ka zagaya shi ta tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, ka saki numfashi, kada ka shanye ciki. Ana son ƙugu ya gaza rabin tsayin mutum, naka kenan ƙasa da santimita 86. Namiji da ya haura 102, ko mace da ta haura 88, haɗarinsa ya yi yawa, saboda kitsen da ke cikin tumbi, kewaye da hanta da hanji, shi ne mai janyo sukari da hawan jini, ba na cinya ba.

Kada ka sa wa ranka komawa jikinka na samartaka a wannan karon. Ka nufi kilo 7 zuwa 10 cikin wata shida, rabin kilo a mako ya wadatar. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya sa wa mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 na nauyinka kilo 7 ne kacal. Gwiwarka ma za ta shaida, domin kowane kilo da ya fita yana rage mata nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Mutane kan ce da an wuce arba'in jiki ya daina ƙona abinci. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2021, a kan mutum sama da 6,000, ya nuna yadda jiki ke ƙona abinci bai cika canzawa ba tsakanin shekara 20 da 60. Abin da ke canzawa zaman ne: daga gida sai mota ko mashin, daga ofis sai majalisa, tsoka tana zaizayewa a hankali saboda rashin aiki, kwanon tuwo kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

To a nan ne yawancin masu wannan niyya suke ɓata lissafi. Mai nauyinka in ya yi tafiyar sauri ta rabin awa, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, kalori sama da 200. Ka ga kenan roba ɗaya bayan an dawo daga tafiya ta cinye tafiyar duka. Nauyi daga kwano yake sauka. Atisaye aikinsa gyara zuciya, riƙe tsoka, da hana nauyin dawowa. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, saboda haka rage kamar 500 a kullum shi ke ba da rabin kilon nan na mako.

Ina za a samo 500 ɗin ba tare da yunwa ba? Fara da abin sha. Lemon kwalba, lemon molt da ake ɗauka kamar magani ne, zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa, shayin mai shayi da madarar gwangwani mai kauri da cokali uku na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gara sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce giram 25 a yini, wajen ƙaramin cokali shida. Fura da nono abinci ne mai kyau, gero ne da nono, sukarin da ake zabga mata ne matsalar, sai kuma shan ta a kan cikakken abinci maimakon ta zama ita ce abincin.

Sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kalori 120 ne, dukansu ɗaya suke ta wannan fuskar, lita guda kuwa ta kai 8,000. Shinkafa da wake ba su da laifi sai an kwarara musu ludayin mai. Ku zauna da uwargida ku duba kwana nawa litar mai take yi a gidan, ku yi ƙoƙarin ta riƙa ninka kwanakin. Ƙosai, waina, soyayyar doya, fanke da taliyar yara da ƙwai a wurin mai shayi su koma na jefi-jefi. Kifi kuwa, ga shi Allah ya hore muku daga Yawuri zuwa Argungu, a yi farfesunsa ko a gasa, ya fi wanda aka tsoma a kasko.

Ba za mu ce mutumin Kebbi ya bar shinkafa ba, magana ce da ba ta wuce mako biyu. Yawanta za a taɓa. Dafaffiyar shinkafa giram 100 kalori 130 ce, faranti cike kuwa yana iya kai rabin kilo, 650 kenan tun ba a zuba miya ba. In malmala uku kake ci, koma biyu, bayan mako biyu ka gwada ɗaya da rabi. Gurbin da ya rage a cika shi da miyar ganye mai kauri, kwaɗon zogale ko rama, kabeji, yalo, wake. Wake da kifi da ƙwai da nono suna riƙe ciki, suna kuma kare tsoka lokacin da nauyi ke sauka. In a tire ɗaya ake ci da jama'a, da wuya ka san iyakarka, gara a zuba maka naka daban. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli na hira a lura da su, giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Tsallake abinci tun safe har dare ba dabara ba ce, domin a zama ɗaya ake ramawa.

Wata gaba da ba a cika faɗa ba: da ka fara raguwa za a fara tambayarka ko lafiya, wasu ma su ce ko wani abu ne ya samu Alhaji, tunda a wurinmu teɓa alamar hutu ce. Mutane da yawa a nan suke karaya. Ka shirya amsarka tun yanzu.

Yanzu ga abin da ya faru da gwiwarka. Ƙwaƙwalwa ba ta manta ƙwallo ba, ita ce ta ba da umarnin yanka da juyi irin na da. Zuciya da huhu sukan farfaɗo cikin makonni, amma jijiyoyin gaɓoɓi da agara jini kaɗan ke isa gare su, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Ƙwallo kuwa gudu ne da birki da murɗa jiki, ga kilo 98 a sama. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasa sukan ji ciwo in sun dawo.

Da tafiya za ka fara, bayan an duba gwiwar. Mako biyun farko minti 15 a rana, kwana biyar a mako, a ƙasa mai laushi da ba gargada, da takalmin kambas mai taushin ƙasa, ba silifa ba. Daga nan ka ƙara minti biyar kowane mako har ka kai minti 30. Minti 30 sau biyar shi ne 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci a mako, in ka kai 300 ya fi amfani ga mai son rage nauyi. Sai tsawon lokacin ya zauna sannan a ƙara sauri. Ma'aunin saurin mai sauƙi ne: kana iya magana amma ba ka iya jan baiti, ko kuma taku kamar 100 a minti. Minti biyar na farko da na ƙarshe a yi su a hankali. In lokaci ya yi ƙaranci a raba, minti goma bayan kowane abinci, wannan ma yana rage hawan sukari bayan ci. Masallacin da ya ɗan fi nisa a ƙafa yana cikin lissafi. In tafiya na tayar da gwiwar, keke ya fi sauƙi, amma a ɗaga sirdin yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka.

Kwana biyu a mako, ba a jere ba, na ƙarfafa tsoka ne, kuma ba sai ka je gidan ɗaga ƙarfe ba. Zauna a kujera mai ƙwari ka miƙe ba tare da dafawa ba, sau goma. Dafa bango da tafin hannu ka kai ƙirji kusa da shi ka tura baya, sau goma. Riƙe kujera ka ɗaga dugadugai ka sauke a hankali, sau goma sha biyar, wannan shi ke shirya agara. Kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama, sau goma. Cika jarka mai lita biyar da ruwa, kilo biyar kenan, ka dafa kujera ka jawo ta zuwa haƙarƙari. Ka zagaya su sau biyu, bayan wata guda sau uku. Kada ka riƙe numfashi wajen yunƙuri, yana harba hawan jini sama. Tsallen kwaɗo ba naka ba ne yanzu, kuma atisayen ciki ko bel ɗin matse tumbi ba sa narkar da teɓa, domin jiki ba ya zaɓar kitsen wurin da aka motsa.

Tsamin jiki da ke zuwa washegari ya lafa cikin kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Ciwon gaɓa da ya kwana bai sauka ba, ko kumburi, yana nufin ka koma matakin makon baya. Amma nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri, bugun zuciya barkatai, ko haki da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, tsayawa ake yi nan take a nufi asibiti.

Zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, saboda haka lokacinka bayan sallar asuba ne ko gab da magariba. Sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. In fitsari ya yi ja, ruwan bai isa ba. Masu sa leda ko rigar sanyi don su yi gumi kansu suke cuta, gumi ruwa ne. Da hunturu ka tsawaita ɗumama jiki, ranar da ƙura ta yi yawa ka yi na cikin gida. Da azumi a sassauta, a mayar da tafiyar bayan tarawihi, a kuma kula da soye-soyen buɗa-baki. Mai ciwon sukari da ke kan allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide ya tuntuɓi likitansa kafin ya rage abinci ko ya ƙara atisaye, don sukari na iya faɗuwa ƙasa, kuma ya riƙa fita da dabino a aljihu.

Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, sikeli guda, domin nauyi na iya wasa da kilo ɗaya zuwa biyu a yini saboda ruwa da abinci. Makon farko zai sauka da sauri, yawanci ruwa ne. Bayan wasu watanni yakan tsaya cik, saboda ƙaramin jiki ƙaramin abinci yake ƙonawa, kuma malmalar kan koma girmanta ba a lura ba. A lokacin ka sake duba mai da abin sha, ka auna ƙugu, sau da yawa tef na nuna ragin da sikeli ya ɓoye. Barci ma ya kai awa bakwai. In iyali sun ce kana minshari har numfashi na ɗaukewa, ka faɗa wa likita.

Ƙwallo kuwa, bayan wata uku na tafiya da ƙarfafa tsoka, in gwiwa ta yi shiru kuma kilo biyar sun tafi, ka fara sassarfa: minti ɗaya gudu kaɗan, minti biyu tafiya, sau shida, kwana uku a mako. In ka kai kana sassarfar minti 20 a jere ba ciwo washegari, ka nemi sa'o'inka ku yi a ƙaramin fili, minti 15 zuwa 20, sau ɗaya a mako, ba da 'yan shekara ashirin ba.