Me ya haɗa ƙungiyar addu'a da ƙwallon kwando?

Tambaya: Malam, na ji an ce a wata ƙungiya mai suna YMCA aka ƙirƙiro ƙwallon kwando, kuma wai asalinta ƙungiyar addu'a ce. Ya abin yake?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, amma sai mun koma Landan ta 1844. A lokacin samari na barin ƙauyuka suna tururuwa birni neman na abinci. Cikinsu akwai George Williams, ɗan manomi daga Somerset, yaron shago a wani kantin yadi kusa da cocin St Paul's. Irinsa su wuni a tsaye tun safe har dare, su kwana a cunkushe a saman kantin maigida, in sun fito kuma ba wurin zuwa sai mashaya ko gidan caca. Ranar 6 ga Yuni 1844, yana ɗan shekara 22, shi da abokan aikinsa goma sha ɗaya suka fara haɗuwa don addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Tushen YMCA ke nan, wato Ƙungiyar Samarin Kirista (Young Men's Christian Association).

A 1851 ƙungiyar ta isa Montreal a Kanada da Boston a Amurka. A 1855 aka yi taron duniya a Paris, kuma cikin masu shirya shi har da Henry Dunant, wanda daga baya ya kafa Red Cross.

Sannu a hankali aka gane wa'azi kaɗai ba ya riƙe saurayin da ba shi da makwanci. Sai aka ƙara ɗakin karatu, makarantar dare, ɗakunan haya masu rahusa, da taimakon neman aiki. Attajirai sun zuba kuɗi, kuma a ganina ba tausayi kaɗai ya sa ba: ma'aikacin da ba ya shaye-shaye ribar maigida ne. Wasa ma ta nan ya shigo. A Disamba 1891, sanyi ya hana ɗalibai fita a makarantar ƙungiyar da ke Springfield a Amurka, sai malaminsu James Naismith ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu ya ba su ƙwallo. Ƙwallon raga ta biyo baya a 1895.

Amma ƙofar ba kowa aka buɗe wa ba. Baƙaƙen fata sai da Anthony Bowen, tsohon bawa, ya kafa musu tasu a Washington a 1853.

Musulmi ma sun ɗauki samfurin: a 1927 aka kafa Jam'iyyatus Shubbanil Muslimin, wato Ƙungiyar Samarin Musulmi, a Alƙahira, ita ma da laccoci da wasanni.