Zaren ulun da ya daɗe a ajiye, wace suwaita zai yi?

Ƙanwata na ga tambayarki, kin ce kina da zaren ulu ya kai shekara uku a cikin leda, ruwan toka dunƙule 4, ja mai duhu 1, sai ruwan madara ɗaya da rabi, duk masu giram 100, kuma ranki ya biya da suwaitar nan mai zane kamar tufkar igiya da kika gani a hoto, wai ki fara ko kar ki fara. To ajiye hoton nan tukuna, zaren ne zai faɗa miki rigar da zai iya, namu kawai mu auna shi mu ji.

Fara da juye ledar a kan farin ƙyalle ki duba ko asu ya shiga, ki warware kamar mita biyar daga kowane dunƙule ki ɗan ja shi, in kika ga yana tsinkewa wuri wuri ko wani gari kamar yashi yana zubowa to asu ne. Wanda bai lalace ba ki ɗaure a leda ki sa a firiza sati guda, sanyin yana kashe tsutsar. Sannan ki tabbatar ulun gaske ne dan da yawa abin da muke kira ulu roba ce zalla, ki yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana, ulu na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta kuma tokar ki murje ta da yatsa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule da tauri. Wannan yana da muhimmanci saboda in kin haɗa su a riga ɗaya ranar wanki ɗaya zai tsuke ɗaya ya tsaya yadda yake.

Sai lissafi, kuma nan ne nake so ki natsu. Mu da tsawo muke aiki, nauyi yaudara yake. Zare mai matsakaicin kauri irin wanda ake saƙawa da allurar saƙa mai kaurin milimita 4.5 ko 5, giram 100 ɗinsa yakan ba da wajen mita 200, siririn kuwa giram 100 na iya kai mita 400, kin ga dunƙule iri ɗaya a ido amma aiki ba ɗaya ba. In takardar jikin zaren ta ɓace ki auna mita 10 da tef ki ɗora a ƙaramin sikeli, daga nan sai ki lissafa sauran. In naki matsakaicin ne, ruwan tokan mita 800 kenan, duka kalolin ukun wajen 1300. Suwaitar babban mutum mai dogon hannu, saƙa miƙaƙƙiya ba ado, takan ci tsakanin mita 1000 zuwa 1300, hannuwan biyu kaɗai suna lashe kusan kashi ɗaya cikin uku.

Waccan mai tufkar, irin saƙar tsibiran Aran ce na ƙasar Ailan, wallahi tana da kyau nima ina sonta, amma duk inda igiyoyin suka haye juna saƙar tsukewa take sai kin ƙara idanu, wato madaukan zaren da ke kan allura, kafin faɗin ya dawo, dan haka ta fi miƙaƙƙiya cin zare sosai, ga shi da kala ɗaya take fitowa, kala uku kashe mata kyau suke. Da mita 800 za ki gama gaba da baya ki zo hannu ki tsaya, kuma ko kin samo ƙarin ruwan toka lambar rininsa ba za ta zo ɗaya da na shekara uku ba, a ɗaki ba za ki gani ba sai an fita rana layin ya fito ɓaro-ɓaro. Ya taɓa faruwa dani farkon koyona, hannu ɗaya ya rage zare ya ƙare, sai da na warware aikin wata biyu ina hawaye, shi yasa bana so ki bi ta nan.

Abin da zan zaɓa miki shi ne raglan da ake farawa daga wuya a gangaro ƙasa da allura mai zagaye, wato rigar da layin kafaɗarta ke tahowa a karkace daga wuya zuwa hammata. Daɗinta kina iya zura ta a jiki tana kan allura ki ga inda ta kai, kuma babu ɗinkin gefe. Ki sa jan da ruwan madaran ratsi ratsi a kafaɗa da ƙirji inda ido ke fara sauka, ruwan tokan ya ɗauki jiki da hannu. In kin kai hammata kin raba hannuwa da jiki, kar ki zarce da jikin, ki fara gama hannuwan biyu tukun, ki auna zaren hannun farko a sikeli dan ki ware wa na biyu daidai shi, abin da ya rage duka sai ya tafi a tsawon riga, ki bar kamar giram 30 na bakin ƙasa. In kuma kin auna kin ga duka bai kai mita 900 ba to mara hannu za ki yi, ko ta yaro.

Amma dan Allah kafin komai ki saƙa ɗan gwaji, faɗi da tsawo santimita 15, na san yana da ban haushi hannu na ƙaiƙayin fara riga, ki wanke shi da ruwan sanyi kar ki cuɗa, ki shimfiɗa ya bushe a kwance sannan ki ƙirga idanu nawa ne a santimita 10 na tsakiya. In 18 kika samu kuma ƙirjin rigar santimita 100 kike so, idanu 180 kenan a zagaye. Ki sa kalolin ukun duka a gwajin, nan za ki ga ko jan yana zuba a kan ruwan madara, ko ɗaya ya fi ɗaya kauri yana tattare saƙar. Ki kuma goga shi a wuyanki na ɗan lokaci, in yana suka to rigar sai dai a ɗora a kan wata, wuyan ma ki yi shi mai faɗi.

Ki yi gwajin nan cikin satin nan ki kawo min shi a bushe tare da awon ƙirji da na hannu, sai mu zauna mu fitar da idanun wuya tare.