Zuma a Baki, Takobi a Ciki: Kirki da Ƙeta a Harshen Sinawa

Tambaya: Malam, ina koyon Sinanci. Ƙamus ya ba ni rén da shàn da cí, duk da ma'anar kirki. Wacce zan ɗauka in zan yabi mutum?

Malama, ƙamus bai yi miki ƙarya ba, taƙaitawa ya yi. Kowace da mazauninta.

Rén (仁) ita ce babbarsu. Dubi rubutunta: alamar mutum a hagu, alamar biyu a dama, wato kirkin da ba ya tabbata sai tsakanin mutum da mutum. Furucinta ɗaya ne da na kalmar mutum (人), har karin sautin, mai tashi sama. Mu ma ai daga mutum muka ciro mutunci da mutuntaka. Kongzi, wanda Turawa ke kira Confucius, da ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, a kanta ya kafa koyarwarsa. Da wani almajirinsa ya tambaye shi ma'anarta, ce masa ya yi: son mutane. Sai dai kalma ce mai rawani, ta littafi da yabon shugabanni. Mai shagon da ya yi miki ragi ba a ce masa rén, za a yi miki dariya.

A hira, shànliáng ko hǎoxīn za ki ce. Shànliáng hali ne zaunanne, abin da muke nufi da mutumin kirki. Hǎoxīn kuwa kyakkyawar niyya ce a kan wani aiki, kuma tana iya kwaɓewa, shi ya sa suke cewa hǎoxīn bàn huài shì, an zo gyara an yi ɓarna. Cí (慈) daga sama take gangarowa, daga uwa zuwa ɗa, daga dattijo zuwa yaro. Ɗa ba ya yi wa uwarsa cí. Nasa sunansa xiào, biyayyar iyaye. In aka haɗa cí da shàn sai a sami císhàn, ayyukan jinƙai.

Ki kula da karin sauti. In muryarki ta nutse sannan ta taso, rěn (忍) kika faɗa, wato jurewa, wadda ake rubutawa da kaifin wuƙa bisa zuciya. Ita ce rabin kalmar cánrěn, rashin imani.

Tambaya: Na ga harafin 恶 an karanta shi iri-iri. Kuskure ne?

A'a. In è ne, mugunta ce, kamar a èyì, mugun nufi, kishiyar shànyì. In wù ne, ƙi ne, kamar a yànwù, ƙyama. In ě ne, sai a ěxin, tashin zuciya. Maƙwabciyar kalmar ce ke nuna karatun.

Tambaya: Ko Sinawa na da irin tamu ta "Musa a baki, Fir'auna a zuci"?

Suna da ita, har biyu, kuma kowace da wanda aka yi wa ita. Irin waɗannan maganganu chéngyǔ ake ce musu. Yawancinsu harafi huɗu ne cif, ba a sauya jerinsu, ba a musanya kalma, ko da ma'anar ɗaya ce.

Ta farko kǒu mì fù jiàn: baki, zuma, ciki, takobi. An yi ta ne a kan Li Linfu, wazirin Sarki Xuanzong na daular Tang, wanda ya mutu a 753. Ya shahara da daɗin baki ga duk wanda yake ganin zai sha gabansa a fada, alhali yana haƙa masa rami. Ta biyu xiào lǐ cáng dāo, wuƙa ɓoye cikin murmushi, ana danganta ta da Li Yifu, wani bafaden daular a zamanin Sarki Gaozong. Dukansu zargi ne mai nauyi, ba abin zolayar aboki ba.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne dāozi zuǐ, dòufu xīn, baki wuƙa, zuciya awara. Jin wuƙa sai su ɗauka zagi ne, alhali kare mutum ake yi da ita. Gwaggon nan ce mai faɗa, wadda za ta wanke ka tas sannan ta tura maka tuwo da man shanu. Dòufu dai awarar waken suya ce da muka sani, mai laushi.

Wadda ta fi burge ni ba ta cikin masu harafi huɗu. Suna da salon magana mai gaɓa biyu, xiēhòuyǔ, kamar tamu ta "abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki". Sukan ce: huángshǔláng ya kai wa kaza gaisuwar sabuwar shekara. Wata dabba ce mai kama da tunku, mai ɓarnar kaji. Gaɓa ta biyu ita ce méi ān hǎoxīn, ba da alheri ya zo ba, amma sau da yawa a ta farko ake tsayawa, mai ji ya ƙarasa da kansa.

Tambaya: Wani Basine ya taimake ni lokacin da jarina ya karye. Da wace magana zan gode masa?

Alhaji, xuě zhōng sòng tàn za ka ce, kai gawayi cikin dusar ƙanƙara. Sinawa na auna alheri da lokacin da ya zo. Kishiyarta a wannan ma'auni jǐn shàng tiān huā, ƙara fure kan alharini mai ado, wato ba mai shi. Ba zagi ba ce, amma ba ta kai nauyin abin da aka yi maka ba. Wanda kuwa ya ƙara danne ka a ranar, aikinsa luò jǐng xià shí, ka faɗa rijiya ya bi ka da dutse. Asalinta rubutun da marubuci Han Yu ya yi wa kabarin abokinsa Liu Zongyuan, wanda ya rasu a 819, inda ya caccaki abokan ganin ido. Da misalin rijiya ma Mengzi, wani malami mabiyin koyarwar Kongzi, ya kafa hujjar cewa asalin ɗan Adam nagari ne: duk wanda ya hango yaro zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi tun kafin ya tuna ɗan wane ne.

Ka dai yi hattara da xuě shàng jiā shuāng. Ita ma da xuě ta fara, har ɗalibai kan rikita su, amma ma'anarta jaura kan dusar ƙanƙara, wato ana kukan targaɗe sai ga karaya. In ita ka rubuta masa, ka ce ya ƙara maka wahala ke nan.