Ayabar da ba a cin 'ya'yanta

Jiya muna loda bambaro a mota ka ce min, "Maigida, wai don me muke naɗe ayabar nan kamar jariri, alhali ko ɗa ɗaya ba a taɓa ci ba?" Hannuna a daskare yake, shi ya sa dariya kawai na yi. To, saurara.

Ɗana, a Ingila don ganye ake shuka ta. Mai gidan nan so yake ya leƙo ta taga a watan Agusta ya ga faffaɗan ganye ya rufe masa katanga, ya ji kamar yana ƙasa mai zafi, kuma kuɗin wannan yake biyanmu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sunanta a takardar da ke rataye a jikinta Musa basjoo, ba Musan da ka sani ba. Asalinta daga ƙasar Sin ne, ta fi sauran ayaba jure sanyi, in ma ta yi 'ya'ya iri ne fal a ciki.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, sanyi kaɗai bai cika kashe ta ba, sai ya haɗu da laima. Jikin ayaba ba itace ba ne, gindin ganye ne ya nannaɗe gindin ganye, duk ruwa. In ruwan nan ya daskare da dare, ya narke da rana, ya sake daskarewa, sai jikin ya koma kamar dafaffiyar kabewa. Saiwar takan tsira a ƙasa ta sake toho a Mayu, amma tsawon da muka yi shekara uku muna tarawa ya tafi ke nan.

Don haka kada ka yi gaggawa. Jira raɓar farko ta daskare ta baƙanta ganyen, wajen Nuwamba. Sannan ka sare ganye, ka bar jiki a tsaye. Kafa sanduna kewaye da ita, ka zagaye da ragar waya irin ta kejin kaji, ka cusa busasshen bambaro har sama. Busasshe na ce. A kai sai ka ɗora murfi don ruwan sama, amma gefe a bar shi ya sha iska. Shekarata ta farko a aikin nan na ga kamar na fi kowa dabara, na naɗe wata da leda tsaf. Da na kwance a Afrilu, warin da ya buge ni har yau ina jin sa. Gumi ya taru a ciki, ta ruɓe tun daga kai.

Waccan mai ganye kamar giginya kuwa, Trachycarpus, ba ruwanka da naɗe ta in ta girma. Robert Fortune ya kawo ta Ingila daga Sin a 1849, tana jure sanyi har wajen digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Iska ce abokiyar gabarta, tana yayyaga mata ganye, sai a samo mata lungu. In ƙasar laka ce, gauraya tsakuwa sosai kada ruwa ya kwanta mata a gindi.

Daga Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, lambun duk ya koma tarin bambaro. Mai gida kuma bai daina leƙo ta taga ba. Nan furannin hunturu ke fid da mu kunya. Helleborus tana fure a Janairu da Fabrairu, amma sai ka yanke mata tsohon ganye a ga furen, kuma ka sa safar hannu, da guba a jikinta. Sarcococca furenta ƙanana ne, ba abin kallo ba, ƙamshinta ake so, shi ya sa na sa ka dasa ta a bakin ƙofa. Ɗan farin furen nan mai sunkuyar da kai, Galanthus, kada ka sayi busasshiyar albasarsa, sau da yawa ba ta tashi. Bari fure ya faɗi wajen Maris, ka tone shi da ɗanyen ganyensa, ka rarraba, ka dasa nan take.

Gobe ka zo da wuri. Kafin mu fara, cusa hannu cikin kowane damin bambaro, wanda ka ji danshi ka ware shi gefe.