Mun samu tallafin biya wa marasa muhalli haya a Amurka, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar 'yan Afirka ta Yamma a wani birni na Amurka, yawancinmu Hausawan Najeriya da Nijar da Ghana ne. Mun daɗe muna karo-karo a masallaci muna biya wa wanda ya shiga matsi kuɗin haya. Bana hukumar birninmu ta saka mu cikin ƙungiyoyin da za su gudanar da tallafin ESG, wato tallafin gaggawa na taimaka wa marasa muhalli. Mun sa hannu, amma ko kwabo bai shigo ba, sai tulin takardu. Ga wani bawan Allah da matarsa da 'ya'ya uku sun yi watanni suna raɓe a falon ƙaninsa. Ya samu gida, mai gidan yana son kuɗinsa cikin makon nan. Mu biya daga asusunmu, daga baya mu nemi a maido mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ku biya tukuna. Idan kuka biya yau ba tare da an tantance mutumin an kuma duba gidan ba, da wuya a maido muku, ko da daga baya ya tabbata mutumin ya cancanta kuma gidan lafiya lau yake. A wannan tallafi ana kallon kwanan watan da ke kan takarda ne: wace ta riga wace.

Kuɗin ESG na gwamnatin tarayya ne, daga ma'aikatar gidaje da raya birane, wato HUD. Tushensa dokar McKinney ta 1987, wadda aka sake wa suna McKinney-Vento a 2000, sannan dokar HEARTH ta 2009 ta karkata akalar shirin daga gina wuraren kwana na wucin gadi zuwa saka mutane a gidajen haya. HUD kan ba jihohi da manyan birane, su kuma su raba wa ƙungiyoyi irin taku. Saboda haka ku 'yan kwangilar birnin ne, kuma a mafi yawan wurare tsarin shi ne ku kashe naku, ku kai shaida, a biya ku. Shi ya sa ba ku ga kwabo ba. Doka ta ba birnin kwana 30 ya biya ku bayan kun miƙa cikakkiyar takardar neman biya. Idan rasiti ɗaya ya ɓace, takardar ba ta cika ba, kwanakin ba su ma fara ƙirguwa ba. A ganinmu ƙungiyar da ba ta da abin riƙe hayar wata biyu ko uku na duk waɗanda ta ɗauka, to ta rage yawan waɗanda za ta ɗauka.

Sai batun mutumin naku, kuma a nan ne ƙungiyoyin mutanenmu suka fi tuntuɓe. A idonmu wanda yake kwana a falon ƙaninsa da mata da yara ba shi da muhalli. A ma'aunin HUD kuwa bai shiga rukunin farko ba. Rukunin farko na wanda yake kwana a titi ko cikin mota ko tasha ko kango ne, ko a gidan kwanan marasa galihu, ko wanda ya fito daga asibiti ko gidan yari bayan zaman da bai wuce kwana 90 ba kuma dama can a titi ko gidan kwanan marasa galihu yake kafin ya shiga. Waɗannan su ake yi wa abin da ake kira mayarwa gida cikin gaggawa. Mutanenmu ba safai suke kai wa nan ba, domin kafin ɗan'uwa ya kwana a waje wani zai shimfiɗa masa katifa a falo.

Inda naku zai iya shiga shi ne ɓangaren rigakafin rasa muhalli. Dokar ta ambaci wanda yake zaune a gidan wani saboda matsin tattalin arziki, da wanda ya yi ƙaura sau biyu ko fiye cikin kwana 60 saboda rashi, da wanda aka rubuta masa takardar tashi cikin kwana 21, da masu cunkoson da ya wuce mutum ɗaya da rabi a kowane ɗaki. Amma da sharaɗi biyu. Kuɗin shigar gidan gaba ɗaya a shekara ya zama ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar iyalai a yankin, adadin da HUD ke fitarwa duk shekara gwargwadon yawan mutanen gida. Na biyu, a nuna ba shi da wata madafa, ko ta dangi ko abokai ko jama'ar ibadarsa, da za ta hana shi faɗawa titi. Kafin komai ki buɗe kwangilarku ki duba ko an ware muku kuɗin rigakafi. Idan na mayarwa gida kaɗai aka ba ku, mutumin nan ba naku ba ne, sai ku tura shi inda ke da wancan kason.

Ki kuma duba yadda aka ce mutane su zo muku. Kowane yanki yana da tsarin tantancewa na bai ɗaya da dole masu ESG su bi, kuma a wurare da dama ta can ake turo wa ƙungiya sunaye. Ba ku da ikon cewa na mutanenmu ne kawai. Wanda aka turo, ko wane addini yake bi, ko daga ina ya fito, haƙƙinsa ɗaya da na wanda kuke sahu ɗaya da shi ranar Juma'a. Ƙungiyar addini tana da damar karɓar tallafin, amma ba a yin wa'azi ko karatu da kuɗin, ba a kuma gindaya halartar ibada a matsayin sharaɗi.

Shaida tana da matakai. Mafi ƙarfi ita ce rubutacciya daga wani ba mai neman ba, sai abin da ma'aikacinku ya gani da idonsa ya rubuta, sai furucin mai neman da kansa ya sa hannu. A nan wasiƙar ƙanin ita ce ginshiƙi: ya rubuta ranar da suka zo, dalilin zuwansu, da cewa ba zai iya ci gaba da riƙe su ba. Sau da yawa mai masauki zai noƙe. Wani kunya ce, kada a ce ya kori yayansa. Wani kuma tsoro ne, domin shi ma ɗan haya ne, yarjejeniyarsa ba ta yarda ya ajiye mutum biyar a falo ba. Idan ya ƙi rubutawa, ma'aikacinku ya yi magana da shi, ya rubuta abin da ya faɗa da rana da lokaci. Idan ko hakan bai samu ba, a rubuta ƙoƙarin da aka yi, a karɓi furucin mai neman. Haka ma kuɗin shiga. Mai albashi zai kawo takardar biya. Direban tasi da mai kitso da mai kai saƙo, waɗanda kuɗinsu ke zuwa a hannu, a nemi bayanin banki ko wasiƙar wanda suke wa aiki, in babu su rubuta abin da suke sa ran samu cikin wata uku masu zuwa. Kada tausayi ya sa a rage adadin. Ana sake duba cancantar mai tallafin rigakafi duk wata uku, kuma abin da aka ɓoye yau zai fito a lokacin.

Mutum ya cancanta, saura gida. HUD na fitar da iyakar kuɗin haya na kowane yanki duk shekara gwargwadon yawan ɗakunan kwana, ana kiransa FMR, yana fara aiki 1 ga Oktoba. Ba a biyan haya da kuɗin ESG a gidan da ya haura wannan iyaka, kuma ba a cewa mu biya daidai iyakar, ɗan haya ya cika sauran. Gidan ne gaba ɗaya ya faɗi. Inda ake yawan kuskure shi ne lissafin. A ce iyakar gida mai ɗaki uku dala 1,800 ce, mai gida yana karɓar 1,700, sai a ɗauka an tsira. Idan ɗan haya ne zai biya wuta da gas, dole a ɗora kiyasin da hukumar gidajen yankin ta yi wa waɗannan. Idan kiyasin 160 ne, jimla ta zama 1,860, an wuce. Sau da yawa maganin shi ne a zauna da mai gida ya rage dala sittin ɗin, ko ya ɗauki nauyin gas. Bayan wannan kuma sai a kwatanta kuɗin da na gidaje makamantansa a unguwar waɗanda ba a ba su tallafi, a rubuta, don kada mai gida ya ji gwamnati ce ya ƙara farashi. Yawancin birane gida uku suke nema a kwatanta da su.

Sannan wani ya je ya duba gidan da ƙafarsa, da takardar dubawa a hannu. Ya buɗe famfo ya ga ruwa na zuwa, ya ja ruwan bayi, ya kunna abin ɗumama gida, ya danna na'urar gargaɗin hayaƙi ya ji ƙararta, ya tabbatar akwai hanyar fita ta biyu idan gobara ta tashi. Tunda akwai yara, a tambayi shekarar da aka gina gidan. Idan kafin 1978 ne kuma akwai yaro ɗan ƙasa da shekara shida, dole a duba fenti, musamman bakin taga da ƙofa inda yake ɓarewa, saboda gubar dalma da ke cikin tsohon fenti, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. In an ga ɓarewa, mai gida ya gyara kafin a biya. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake yankawa ana ba baƙi da araha a nan suka fi faɗuwa.

Takarda biyu za a sa wa hannu. Ɗaya yarjejeniyar haya tsakanin mai gida da ɗan haya. Ɗaya kuma tsakanin ƙungiyarku da mai gida, wadda ke faɗin nawa za ku biya, yaushe, da kuma cewa zai ba ku kwafin duk wata takardar tashi da ya ba ɗan hayar. Mai gida na gaskiya muke nufi. Al'adar da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, inda wani ya kama gida ya ba wani ɗaki ɗaya ba rubutu, ba ta shiga nan. Ki duba rajistar filaye ta gundumar ki ga sunan mai ginin, ki karɓi fom ɗin W-9 na bayanan haraji daga gare shi, ki biya da cek ko ta banki da wannan sunan. Ko dala ɗaya kada ta bi ta hannun ɗan haya. Idan gidan na wani ne daga cikin shugabanninku ko ma'aikatanku ko iyalinsu, ku dakata ku sanar da birni a rubuce, domin ƙa'idar hana cin moriya tana bin mutum har shekara ɗaya bayan ya bar kujerarsa.

Abin da za ku iya biya yana da faɗi: kuɗin cike fom ɗin neman gida, kuɗin ajiya da bai wuce hayar wata biyu ba, ajiyar wuta da ruwa, motar kwashe kaya, ma'ajiyar kaya har wata uku, bashin haya na baya har na wata shida a biya ɗaya, da hayar kanta har wata 24 cikin shekara uku. Birni yana iya rage waɗannan a rubutattun ƙa'idojinsa, kuma nasa ne zai ɗaure ku. Idan ku ne kuka makara da biya aka ci tara, daga aljihun ƙungiya za ta fito. Wanda yake samun wani tallafin haya na gwamnati a wannan watan ba a ƙara masa na ESG a kai.

Wata 24 ɗin nan kada ku ɗauke su alkawari. Iyalin da ke ƙasa da kashi 30 na matsakaicin kuɗin shiga, ranar da tallafi ya tsaya, hayar nan tana nan yadda take. Doka ta ce mai kula da lamarinsu ya gana da su aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma rubuta shirin yadda za su riƙe gidan da kansu. Mun fi son tsarin da ɗan haya ke biyan wani kaso tun watan farko, kason yana ƙaruwa a hankali, kuma tun yanzu a saka sunansu a layin gidajen gwamnati masu rangwame, tunda layin kan ɗauki shekaru. Idan tun a lissafin farko aka ga ba yadda za a yi su kai ga wannan haya, gara a nemi gida mai sauƙi. Dakatar da tallafi ma yana da hanya: sanarwa a rubuce da dalili, damar ɗaukaka ƙara gaban wani ba wanda ya yanke hukuncin ba, sannan amsa a rubuce.

A matsayinki na ma'aji, ki ware wannan kuɗi a lissafi daban. ESG na buƙatar a kawo kwatankwacinsa daga wata hanya, dala da dala, kuma birane da yawa kan sauke wannan nauyi kan ƙungiyoyi. Karo-karonku zai iya shiga, har da lokacin 'yan sa kai idan ana rubuta sa'o'insu, amma sai an kashe shi a kan waɗanda suka cancanta bisa ƙa'idojin ESG. Asusun zakka, da yake yana da nasa sharuɗɗan na waɗanda ake ba, ku bar shi gefe guda, shi zai yi muku amfani a kan waɗanda tallafin ya bari a baya. Kuɗin gudanarwa bai wuce kashi 7.5 cikin ɗari ba, kuma birni kan riƙe mafi yawansa. Bayanan kowane mai tallafi za su shiga rumbun HMIS, wato kundin kwamfuta da yankin ke tara bayanan marasa muhalli a ciki, fayil kuma a adana shi shekara biyar bayan an gama kashe kuɗin. A kulle shi da makulli. A cikin jama'a ƙanƙanuwa irin taku, idan labarin mutum ɗaya ya fita a wajen suna, na gaba ba zai zo ba.

Game da makon nan, ki kira jami'in da sunansa ke kan kwangilarku ki tabbatar kuna da kason rigakafi kuma kuna da izinin ɗaukar mutumin. Ku yi tantancewar a zama ɗaya, washegari a duba gida. Ki ba mai gidan wasiƙa da hatimin ƙungiya mai cewa kuna aiki a kan lamarin, da ranar da za ku ba shi amsa, ba tare da alkawarin biya ba. Masu gida da yawa kan jira kwana kaɗan idan suka ji za a ajiye musu har na wata biyu kuma akwai lambar da za su kira idan matsala ta taso. Idan ya ƙi jira kuma kuka ga ba za ku bar gidan ya kuɓuce ba, ku biya daga asusun sadaka, ku rubuta shi a matsayin sadaka, kada ku saka shi cikin abin da za ku nema a maido.