Ƙanwata, ba ke kaɗai ake yi wa haka ba

Kin tambaya ko don ke mace ce edita yake tura labaranki shafin baya. Wallahi da na karanta sai da na ja tsaki, don ni ma haka aka yi mini lokacin ina aika wa wata jarida ta Yamai rahoto daga nan Maradi.

Abokan aikina maza iyakarsu zaure, su ji ta bakin maigida su juyo. Ni har ɗaka nake shiga, mata su faɗa mini abin da ba za su faɗa gaban namiji ba. Sai dai jin labari daban, fitar da shi daban, don masu zaman safe da ke raba shafuka duk maza ne.

Na je Danja, cibiyar masu yoyon fitsari, na wuni da wata yarinya da naƙuda ta yi wa tsawo, sai a amalanke aka kai ta likita. Tana magana tana murza bakin zaninta, ko sau ɗaya ba ta ɗago kai ba. Na kwana ina rubutu. Editana ya kira ni yana dariya, wai "Hajiya, wannan ai hirar mata ce, ajiye ta sai 13 ga Mayu," wato ranar matan Nijar. Dariyar ce har yau take ci mini rai. Shafin farko kuwa hoton wani babba aka sa yana buɗe taro. Da Mayun ya zo, ya datse batun lalacewar hanya da ƙarancin ungozoma, ya bar hawayen kawai. Na bar shi da Allah. Shi a wurinsa 13 ga Mayu ranar anko ce, ya manta a 1991 mata suka fito zanga-zanga a Yamai don a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Binciken GMMP, masu bin diddigin yadda mata ke fitowa a kafafen yaɗa labarai, na 2020 ya nuna kashi 25 cikin 100 ne kawai mata a cikin waɗanda ake gani ko ake ji a labaran duniya.

Kar ki yarda a ɗaure ki a girki da biki. Ki roƙi a ba ki labaran kasuwa, kotu, farashin gero. Labarin haihuwa ma ki shigo da shi ta ƙofar kasafin kuɗi, ki sa bakin magajin gari a ciki, zai yi masa wuyar ture shi. Ki nemi matan APAC, ƙungiyar mata ma'aikatan yaɗa labarai, suna da kirki. Amma kar ki zaci edita mace ita ce magani. Na yi aiki da wata da ta fi maza gudun fushin manya.

Af, ki samu ɗan kabu-kabu ɗaya amintacce saboda aikin dare, ki kuma sanar da gida tun da wuri, kin san bakin mutanen garin nan. Kwafin rubutunki na asali kuma ki riƙa adanawa kafin ki miƙa.